Martani: Rufe Ƙofar Tallafin Waje Ba Zai Ceci Fasaharmu Ba

Kwanakin baya wani malami da nake ganin girmansa ya yi rubutu a wannan shafi a kan kuɗin tallafin da hukumomi da gidauniyoyin ƙasashen waje ke bai wa marubuta da mawaƙa da masu shirya fina-finai, domin su yi aikin haɗin gwiwa da takwarorinsu na wasu ƙasashe. Hujjojinsa uku ne. Ta farko, ya ce Bature ba ya kyauta don Allah, saboda haka duk wanda ya miƙa hannu ya karɓa ya zama ɗan amshin shata, tunda kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ta biyu, ya ce ta wannan ƙofa ake shigo mana da baƙin ɗabi'u masu rusa tarbiyya. Ta uku, ya ce fasahar Bahaushe ta rayu shekaru aru-aru ba ta jira sisin kowa ba. A kan haka ya yi kira ga gwamnatocin jihohi da ƙungiyoyin marubuta da na 'yan fim su haramta wa 'ya'yansu karɓar irin wannan kuɗi.

Ba na shakkar kishi ne ya sa Malam ya ɗauki alƙalami, kuma tsoron da yake ji yana da tushe, zan zo kansa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Inda muka rabu shi ne maganin da ya rubuta. Haramcin da yake nema ba zai taɓa baƙin ɗabi'un da yake gudu ba, domin ba ta wannan hanya suke shigowa ba. Abin da zai kashe shi ne ɗan aikin da ake yi na ceto kayan gadonmu, a daidai lokacin da mu masu kayan ba mu ware ko kwabo domin wannan aiki ba.

Bari in fara da abin da ya sami fim ɗin Shaihu Umar. Littafin kowa ya san shi. Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta, labarin yaron nan ɗan Kagara da aka sace, ƙaddara ta kai shi hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim wanda ya ƙetare Sahara da shi, mahaifiyarsa ta bi sawunsa har Tarabulus, daga ƙarshe ya dawo ya zauna a Rauta yana karantarwa. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da labarin fim na silima, da Hausa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu. Daga nan fim ɗin ya yi ɓatan dabo. An haifi yara, sun karanta littafin a makaranta, sun girma sun haifi nasu, ba su taɓa ganinsa ba. Sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a cikin ajiyar Hukumar Fina-Finai ta Najeriya, bayan da Didi Cheeka, wani mai sharhin fina-finai, ya duƙufa wajen tono tsofaffin fina-finan gwamnati da aka watsar. Cibiyar Arsenal ta birnin Barlin ta ɗauki aikin gyara da kuɗin gwamnatin Jamus, aka tsabtace shi, aka mayar da shi na kwamfuta, aka nuna shi a bikin fina-finai na Barlin a watan Fabrairun 2018.

Ina roƙon Malam ya dubi wannan labari da idon basira. A cikin shekara 40 ɗin nan an yi kuɗin mai, an yi gwamnatocin soja da na farar hula, an yi gwamnoni da attajirai a Arewa waɗanda za su iya biyan kuɗin gyaran fim ɗin ba tare da sun ji a jikinsu ba. Babu wanda ya yi. Labari ne daga alƙalamin Firayim Ministan Najeriya na farko, cike da karatun allo da na zaure da ladabin almajiri ga malaminsa, wato ainihin tarbiyyar da Malam ke kukan ta ɓace. Masu gyara ba su ƙara kalma a bakin Shaihu ba, ba su rage ba, aikinsu a kan hoto da sauti ya tsaya. Bayan haka, a 2019 Jami'ar Jos ta buɗe karatun digiri na biyu a kan adana fina-finai, tare da Jami'ar Goethe ta Frankfurt, da kuɗin hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, domin gobe 'ya'yanmu su yi irin wannan aiki da hannunsu. Da an bi shawarar Malam a 2016, da gwangwanayen nan suna can zafi da laima na cinye su. To a nan ina askin da aka yi wa kuturu?

Haka abin yake ga littattafan malamanmu. A 2012, da 'yan bindiga suka mamaye Timbuktu, Abdulƙadir Haidara da iyalan da ke riƙe da rubuce-rubucen gado suka riƙa cusa su cikin akwatunan ƙarfe, suna fitar da su a ɓoye cikin motoci da kwale-kwale zuwa Bamako. Rubutu sama da 300,000 aka fitar: fiƙihu, tafsiri, lissafi, ilimin taurari, magani, har da wasiƙun fatake. Waɗanda suka sa ransu cikin kasada 'yan Mali ne, amma akwati da mota da kwale-kwale kuɗi suke ci, kuma daga cikin waɗanda suka biya akwai Gidauniyar Yarima Claus ta Holan da Gidauniyar Ford ta Amurka. A watan Janairun 2013 aka ƙona kimanin 4,000 daga cikin waɗanda suka rage a Cibiyar Ahmad Baba. Wannan ya isa ya nuna abin da ake gudu.

A gida kuma, tun 2004 Babban Laburaren Birtaniya yake gudanar da wani shiri na ceto takardun da ke fuskantar lalacewa, da kuɗin Gidauniyar Arcadia, kuma ta wannan shiri an ɗauki hotunan tsofaffin takardu a Kano da Kaduna. Ƙa'idar shirin ita ce takardar asali ba ta barin ƙasarta, kuma dole a ajiye kwafin hotunan a wata cibiya ta gida. A Jami'ar Boston, Farfesa Fallou Ngom, ɗan ƙasar Senigal, ya haɗa kai da malamai daga Najeriya aka tattara rubuce-rubucen ajamin Hausa, da yawansu waƙoƙin wa'azi da na koyar da addini, aka sa su a intanet kyauta. Ɗalibi a Damagaram ko Kumasi yau zai iya buɗe su a wayarsa. Idan wannan ne rusa tarbiyya, ina so Malam ya bayyana mana ta yaya.

Hujjarsa ta uku ita ta fi ba ni mamaki, domin tarihinmu bai goyi bayanta ba. Yaushe fasahar Bahaushe ta taɓa rayuwa babu ubangida? Ibrahim Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Amadu. Sa'idu Faru yana da Sarkin Kudu Macciɗo. Musa Ɗanƙwairo ya tashi a fadar Maradun, daga baya ya yi wa Sardauna hidima. Doki da riga da hatsi da kujerar Makka da ake bai wa makaɗi su ne suka ba shi sukunin zama ya ƙulla waƙa, ya ciyar da 'yan amshinsa, ya koya wa na baya. Babban Gwani Muhammadu Durugu bai gina Masallacin Juma'a na Zariya da aljihunsa ba, Sarkin Zazzau Abdulkarimu ne ya ɗauki nauyi. Kuma kowa ya san ubangida yana da bukatarsa: a yi masa kirari, a yi wa abokan hamayyarsa zambo. Duk da haka babu mai cewa waƙoƙin Narambaɗa ba fasaha ba ne, domin gwanin gaske ya san yadda zai biya bukatar mai gida kuma ya bar wa duniya abin da zai fi mai gidan daɗewa. Abin da ya sauya yau shi ne fada ba ta da ƙarfin da take da shi a da, mai kuɗi kuma ya fi son mawaƙin da zai yi masa waƙar siyasa gab da zaɓe. Gurbin da suka bari ne baƙo ya tarar a buɗe.

Ko adabin bokon da muke taƙama da shi, yaya aka yi ya fara? A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zagaya garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai, aka sa gasa. Daga wannan yunƙuri aka samu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Kuɗin gwamnatin mulkin mallaka ne, kuma tana da manufarta, littattafan karatu take so a makarantunta. Abubakar Imam ya zauna a Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya mayar da su 'yan gida har yaro ba ya gane baƙi ne. Wannan Imam ɗin ne kuma, yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je Ingila a 1943 ya zauna da tsohon Gwamna Lugga ya zayyana masa koke-koken mutanen Arewa. Ya ci albashin Bature, bai sayar masa da bakinsa ba. Idan ƙa'idar Malam gaskiya ce, to sai mu fara da kwashe waɗannan littattafai daga makarantunmu, kuma na tabbata ba zai yarda ba.

Yanzu in zo inda Malam yake da gaskiya, har ma in ƙara masa hujjojin da bai kawo ba. A 1950 aka kafa wata ƙungiya a Barlin ta Yamma da sunan kare 'yancin al'adu. Ita ce ta riƙa ba da kuɗi ga Kulob ɗin Mbari da aka buɗe a Ibadan a 1961, inda su Wole Soyinka da Christopher Okigbo da J. P. Clark ke haɗuwa, da mujallar Black Orpheus, da mujallar Transition ta Kampala, da babban taron marubutan Afirka da aka yi a Makerere a 1962. A tsakanin 1966 da 1967 asiri ya tonu cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ce ke zuba kuɗin ta bayan fage, a cikin yaƙin cacar bakinta da Tarayyar Sobiyet. Kusa da mu kuma, tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014, ƙungiyar Equal Access ce ta kafa ta da kuɗin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, kimanin dala miliyan 6 kamar yadda jaridar New York Times ta ruwaito a lokacin, da manufar rage tasirin masu tsattsauran ra'ayi. Saboda haka duk mai cewa kuɗin waje yana zuwa da manufa bai yi ƙarya ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Amma a duba da kyau inda ɓarnar ta faɗa. Taron Makerere na masu rubutu da Ingilishi ne kawai. Irin su Abubakar Imam, da Shaaban Robert na Swahili, da D. O. Fagunwa na Yarabanci, ba su da kujera a wurin, alhali su ne talakawa ke karantawa. Kuɗin ya zaɓi waɗanda duniya za ta ji muryarsu a matsayin marubutan Afirka, ya bar sauran a waje. Duk da haka, a cikin mujallar Transition ɗin nan ce Obi Wali ya buga maƙalarsa a 1963, inda ya ce adabin Afirka da ake rubutawa da harsunan Turawa hanya ce marar ɓullewa. Kuɗin bai iya sayen bakin kowa ba. Abu biyu suka yi ɓarna a wancan zamani: ɓoye asalin kuɗi, da rashin masu rubutu da harsunan gida a inda ake yanke shawara. Haramcin Malam zai ƙara duka biyun. Wanda ya ƙudurta karɓa zai karɓa a ɓoye ta hannun wani, mu kuma mun cire kanmu daga zauren da hannunmu. Shi kuwa wasan kwaikwayon Daɗin Kowa da aka yi ta kallo a Arewa24, a fili yake, kowa ya ga abin da ke ciki, kuma jama'a da malamai suna iya yabawa ko su soka a kan abin da idonsu ya gani.

Matsalolin tallafin yau ma ba zan ɓoye su ba, domin duk wanda ya taɓa neman irinsa ya san su. Takardun neman da Ingilishi ko Faransanci ake cikawa, da irin yaren ofis da sai wanda ya saba. Ana neman rajistar kamfani da asusun banki da rahoton kashe kuɗi, abubuwan da mai kalangu ko marubuciyar da ke sayar da littafinta a waya ba su da su. Shi ya sa kaso mafi tsoka ke tsayawa a Legas da Abuja. Tallafin haɗin gwiwa na British Council, wanda a 2021 ya kama daga fam 5,000 zuwa 75,000, sai kana da abokin aiki a Birtaniya za ka nema, kuma wanda ba shi da hanyar sanin kowa a can ya faɗi tun kafin a fara. Sannan masu ba da kuɗi da yawa sun riga sun yanke abin da suke son ji daga Arewa: auren wuri, bara, ta'addanci, cuta. Matsaloli ne na gaske, amma idan su kaɗai ake biya a rubuta, matashin marubuci zai koyi kallon garinsu da idon baƙo, ya manta cewa a cikinsa akwai raha da soyayya da kasuwanci da ilimi. Wannan illa ce babba, kuma ita ce ya kamata Malam ya sa a gaba. Maganinta shi ne mu yawaita a wurin, mu iya ciniki, mu iya cewa a'a ga sharaɗin da bai yi mana ba.

Game da tarbiyya kuwa, Malam ya kama wanda bai yi laifi ba. Masana'antar fim ta Kano ba da tallafin kowa ta tashi ba. Ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, daga nan kasuwa ta ɗauka. Rawa da waƙa irin na Indiya da aka shekara ana faɗa a kansu, wace gidauniya ce ta biya? Babu. Gidajen silima ne suka saba wa mutane da fina-finan Indiya shekaru da dama, 'yan kasuwa kuma suka ga fim mai waƙa ya fi saye, suka ce wa masu shiryawa shi za a yi. Yau ma abin da ke shiga ɗakunan 'ya'yanmu ta TikTok da YouTube ba ya bi ta ofishin wata gidauniya, kuma mai yinsa yawan masu kallo yake nema, domin nan kuɗinsa yake. Kasuwa ubangida ce ita ma, kuma ta fi kowane ubangida rashin tausayi. Ba za ta taɓa biyan kuɗin gyaran fim ɗin 1976 ba, ko naɗar muryar tsohuwa mai waƙar daɓe, ko fassara littafin da ba zai sayu dubu goma ba. Irin waɗannan ayyuka tallafi ne kaɗai ke ɗauke su. Idan aka rufe shi, abin da zai saura a fili shi ne ainihin abin da Malam ke ƙyama.

Wani abin da rubutun nasa ya tsallake shi ne, waje ba Turai da Amurka ne kaɗai ba. Sabon ginin Cibiyar Ahmad Baba ta Timbuktu da aka buɗe a 2009, Afirka ta Kudu ce ta gina. Littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, da Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi, kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ne ya buga shi a 2012. Kyautar Aga Khan ta gine-gine ce a 1986 ta sa duniya ta san Falke Barmu, maginin ƙasa da ya gina masallacin Yama a jihar Tawa. Akwai kuma darasi mai ɗaci a labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Faransa a 1899. Abdullahi Mamani, ɗan Nijar, ya rubuta littafin. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da shi fim a 1986, kuma a Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara ya samu wurin ɗauka da goyon baya. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987, amma Sarauniyar da ke cikinsa ba da Hausa take magana ba. Labarin da masu shi ba su ɗauki nauyinsa ba, wanda ya ɗauka shi zai ba shi harshe.

To mu me muka yi a gida? Najeriya ta fitar da manufar al'adu ta ƙasa a 1988, ta kafa dokar asusun tallafa wa fasaha a 1991. Sama da shekara 30 ke nan marubuta da masu zane suna kukan a zuba wa asusun kuɗi ya fara aiki. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta ware naira biliyan 3 domin gina alƙaryar fina-finai a Ƙofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji ta jihar Kano. Aka yi ca a kai, gwamnati ta janye. Masu adawa suna da dalilansu, kuma wasu daga ciki abin saurare ne, amma ba a zauna an gyara tsarin ba, ba a kawo wani abu a madadinsa ba. Kuɗin gida ne wannan, ba na Bature ba, shi ma an ce a'a. Kyautar adabi ta kamfanin gas na NLNG, mai dala 100,000, wadda Abubakar Adam Ibrahim ya ci a 2016, littattafan Ingilishi take dubawa. Gasar da ta fi fito da mata marubuta Hausa a 'yan shekarun nan ita ce Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016. Akwai masu ƙoƙari a gida, kamar gasar Cibiyar Gusau da ta jaridar Aminiya, Allah Ya saka musu, amma su nawa ne a cikin al'ummar da ta kai miliyoyi masu yawa haka? Wanda ya hana ɗansa cin abinci a maƙwabta, wajibi ne ya ɗora tukunya a gidansa.

Kuma dogaro da baƙo yana da haɗarin da ya fi wanda Malam ya ambata: baƙo yana iya tafiya ko yaushe. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID cikin 'yan watanni, ayyuka da yawa a Afirka suka tsaya cak. A Nijar, bayan juyin mulkin 2023, dangantaka da Faransa ta lalace, cibiyar al'adun da ke Yamai mai sunan Jean Rouch ta koma hannun gwamnati, aka sa mata sunan Mustafa Alasan, ɗaya daga cikin iyayen silimar ƙasar. Suna ne da ya dace, amma suna ba ya biyan albashin ma'aikacin laburare ko kuɗin wutar dandalin wasa. Waɗannan duka yanzu nauyi ne a wuyan 'yan ƙasa. A nan ni da Malam bakinmu ɗaya: dole mu tsaya da ƙafafunmu. Bambancinmu a kan tsari ne. Shi yana so a rufe ƙofa tukuna sannan a yi tunanin gini. Ni ina cewa a yi ginin, domin mai abin hannunsa ne kaɗai ke iya kallon baƙo ya ce masa wannan sharaɗi ban karɓa ba.

Kafin a kai ga haka, ƙungiyoyin da Malam ya kira suna da aikin da ya fi haramci amfani. Su zauna su rubuta sharuɗɗan da ɗansu zai riƙe idan zai sa hannu a yarjejeniya da kowa, Bature ne ko Balarabe ko Basine. A bayyana wanda ya ba da kuɗin da adadinsa a jikin aikin, yadda kowa zai gani. Haƙƙin mallaka ya zauna a hannun mai fasaha, kada a saye shi da kuɗin jirgi da otal. Kayan asali, takarda ce ko faifai ko kayan kiɗa, kada su bar gida, kuma a ajiye cikakken kwafi a jami'a ko gidan tarihi na kusa. Duk abin da aka yi a kan Hausawa ya fito da Hausa, a nuna shi a Kano da Maraɗi kamar yadda za a nuna shi a Landan. Kowane aiki ya bar mutum biyu ko uku da suka koyi sana'ar, ya bar na'urar da aka yi aikin da ita. Mai fasaha kuma ya riƙe ikon ƙin duk gyaran da ya saɓa wa addininsa ko gaskiyar da ya sani. Sannan ƙungiyoyin su samar da waɗanda za su taya mawaƙi ko marubuciyar da ba ta jin Turanci cike takarda, domin kada tallafin ya zama gadon 'yan boko kaɗai. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya gagari yi, tunda mun ga wasu masu ba da kuɗin da kansu sun riga sun amince da irinsu.

Daga ƙarshe, ina kira ga Malam, da girmamawa, ya juyo da kaifin alƙalaminsa inda zai yi aiki. A gidajen rediyo da talabijin na Kaduna da Kano da Sakkwato da Yamai an naɗi muryoyin Shata da Ɗan Maraya da Barmani Coge, an ɗauki wasannin Samanja da na Ƙasimu Yero. Kaset da faifai suna da iyakar shekarun da suke yi kafin su mutu, kuma da yawansu sun riga sun kai wannan iyaka. Ya rubuta wa gwamnoninmu su ware wani abu a kasafin kuɗi domin a mayar da su na kwamfuta. Ya tunatar da attajiranmu cewa wakafi ya halatta a kan laburare da gidan adana littattafan malamai kamar yadda ya halatta a kan rijiya. Ya matsa wa 'yan majalisarmu lamba a kan asusun 1991. Idan ya yi haka zan kasance na farko da zai sa hannu a ƙarƙashin nasa. Amma muddin ba mu yi ba, ba ni da bakin da zan ce wa matashin da ya samo wanda zai biya kuɗin ceto waɗannan muryoyi ya mayar da kuɗin, kuma ban ga dalilin da Malam zai ce masa haka ba.